Uwargida, Biri Ma Yana Da Lokacin Fitarsa

Idan gonarku tana bakin daji a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, kin san ɓarnar jan biri a masara. Sai dai ba barkatai yake fita ba. Da sassafe yake kiwo, ya fake a inuwa idan rana ta take, ya dawo da la'asar, ya kwana kan bishiya.

Ke nan safiya da yamma ne lokacin haɗari ga yaron da kika tura gadi. Kada ya je shi kaɗai, kada ya kama ɗan biri, uwarsa tana kusa. Idan biri ya cije shi, ki wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, ku garzaya asibiti, domin cizon na iya ɗauke da ciwon haukan kare.