Sharar Gefen Gona Kafin Wutar Daji Ta Iso Namtari

A ƙasar Namtari, cikin Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu, ruwan sama yakan ɗauke wajen watan Oktoba. Daga nan sai ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta taso, alhali dawa tana nan jibge a gona ba a kai ta rumbu ba. Wuta ɗaya da mafarauci ya cinna don ya koro gafiya ta isa ta lashe wahalar damina sukutum, ta haɗa da harawa da karan da makiyaya suka sa wa rai har bazara.

Maganin abin shi ne a share fili kewaye da gona, mai faɗin kamar taku goma, a kankare ciyawa har ƙasa ta fito fes. In wuta ta iso nan ba ta sami abin ci ba, sai ta mutu. Amma fa wanda ya tara ciyawar da ya nome a bakin sharar ya yi aikin banza, gama iska za ta ɗauki tartsatsi ta tsallakar. Kwashe ta ake yi, ko a ƙone ta da sanyin yamma, mutane suna tsaye da ɗanyen ganye a hannu.

Aikin na gayya ne, sai jauro ya tara jama'a tun cikin Nuwamba. A Jamhuriyar Nijar kuwa, wajen Bermo cikin jihar Maraɗi, biyan mutanen karkara ake yi su share irin waɗannan hanyoyi masu tsawon kilomita da yawa a tsakiyar wuraren kiwo.