Salisu Yusuf: Daga filin wasa zuwa benci, da darasin Dala dubu ɗaya

Da zarar an idar da Sallar La'asar a Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, sai filin ƙwallo ya fara cika. Idan kaka ta wuce aka kwashe gero da gyaɗa, har gonakin bayan gari kan zama fili, a ajiye duwatsu biyu a ce ga raga. Amma kafin a take wasa akwai abin da ya fi komai jawo musu: wa zai shiga, wa zai tsaya a gefe? Kyaftin ne ke zaɓe, kuma kowa ya san akwai ranar da ake barin gwani a waje a sa aboki, ko mai ƙwallon, ko wanda ya sayo ruwan leda.

Wannan zaɓen shi ne zuciyar aikin mai horar da 'yan wasa, wato koci, ko a Zakirai ko a Super Eagles. Tarihin Salisu Yusuf, ɗan Zariya da ya kai har ga horar da ƙungiyar ƙasa, zai nuna muku yadda ake hawa wannan matsayi, da kuma abin da ke iya girgiza shi.

Bai je Turai ba

An haifi Salisu Yusuf a Zariya a 1962. A gida Najeriya ya yi wasansa, inda ya buga wa ƙungiyoyi irin su Ranchers Bees ta Kaduna da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri. Bai yi sunan da su Rashidi Yekini suka yi a waje ba. Da ƙafa ta gaji, kamar yadda takan gaji ga kowane ɗan ƙwallo tun yana da sauran ƙuruciya, sai ya koma benci ya fara koyon sabuwar sana'a.

Ya yi shekaru yana aiki daga wannan ƙungiya zuwa waccan, sau da yawa a matsayin mataimaki. Yana cikin masu horar da Kano Pillars a 2008, shekarar da Sai Masu Gida suka ɗauki kofin gasar Firimiyar Najeriya karo na farko. A 2013 kuma ya jagoranci Enyimba ta Aba ta ci Kofin Ƙalubale na ƙasa, bayan ta doke Warri Wolves a bugun fenareti a Legas.

Irin wannan doguwar hanya ba a Najeriya kaɗai ake bin ta ba. Alex Ferguson, mutumin ƙasar Sikotilan da magoya bayan Manchester United ke kewa har gobe, ya fara horarwa ne a 1974 a wata ƙaramar ƙungiya mai suna East Stirlingshire. Ƙungiyar St Mirren ta sallame shi a 1978. Ya karɓi United a 1986, amma sai a 1990 ya ci mata kofi na farko. Kafin ya yi ritaya a 2013 ya ɗauki kofin Firimiyar Ingila sau 13. Sannu sannu kwana nesa.

Zuwa Super Eagles

A tsakiyar 2016, lokacin da Super Eagles ba ta da koci na dindindin, an miƙa wa Salisu riƙon ƙwarya a wasannin sada zumunta biyu. Najeriya ta ci Mali 1-0, ta kuma ci Luxembourg 3-1. Da aka ɗauko Bajamushe Gernot Rohr a watan Agustan shekarar, Salisu ya zama na hannun damansa, kuma tare suka kai Najeriya Gasar Cin Kofin Duniya ta 2018 a Rasha.

Aikin da ya fi fito da shi shi ne gasar CHAN, wadda 'yan wasan da ke bugawa a ƙungiyoyin cikin gida kaɗai ke shiga. A farkon 2018 ya tafi Maroko da yaransa, suka fitar da Angola da Sudan, suka isa wasan ƙarshe. Masu masaukin baƙi sun lallasa su 4-0 a birnin Kasabalanka, amma duk da haka Najeriya ba ta taɓa kaiwa wannan mataki a gasar ba sai a hannunsa.

Bidiyon da ya tayar da ƙura

A watan Yulin 2018, sashen binciken BBC Africa Eye ya fitar da wani bidiyo da ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas da abokan aikinsa suka ɗauka a ɓoye. Sun je ne a matsayin dillalan 'yan wasa, suna neman a sa wasu 'yan wasa biyu cikin tawagar CHAN. An ga Salisu yana karɓar kuɗi, waɗanda aka ce Dala 1,000 ne.

Salisu ya musanta cewa cin hanci ne. Ya ce kyauta ce aka yi masa, kuma ba ta canza zaɓensa ba, domin 'yan wasan dama suna cikin waɗanda yake amfani da su. Kwamitin ɗa'a na Hukumar NFF, ƙarƙashin Malam Nuhu Ribadu, ya saurari batun. A watan Satumban 2018 ya dakatar da shi na shekara ɗaya, tare da tarar Dala 5,000.

Wani zai ce, to mene ne laifin kyauta, tunda a al'adarmu ba a mayar da hannun alheri baya? Amsar tana cikin takardar sunayen da koci ke rubutawa. Duk wanda ya sa rigar ƙasa darajarsa na tashi, ƙungiyoyin waje su neme shi, dillalinsa ya samu kamasho. Gurbin kuwa ƙidayayye ne. In wani ya shiga, wani ya fita. Wanda ya fita yana iya zama yaron ƙauye da ba shi da kowa sai ƙafarsa. Idan aka ga kuɗi a hannun mai zaɓe, ko da ya yi adalci, wa zai yarda? Shi ya sa dokokin ƙwallo suka taƙaita irin kyautar da jami'i zai karɓa.

Salisu ya cika wa'adinsa ya ci gaba da aiki, har NFF ta mayar da shi cikin masu horar da Super Eagles a 2021. Sai dai har yau, in aka ambaci sunansa, wasu kan tuna wasan ƙarshe na Maroko, wasu kuma su tuna bidiyon.

Ku da ke tafe

Idan kuna son ƙwallo amma kun ga ba ku ne gwanayen fili ba, ƙofa ba ta rufe ba. Horarwa sana'a ce da ake koyo a aji. Akwai Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa a Legas, akwai kuma lasisin Hukumar CAF mataki-mataki, kuma sai an zauna jarrabawa. Wanda ya yi wasa da karatunsa zai sha wuya a nan.

Sauran darasin kuwa ba sai kun je Legas ba. Kai kyaftin ɗin ajinku, ke shugabar ɗalibai mai rubuta sunayen masu makara, kai monita mai riƙe da sunayen masu surutu, duk takarda ɗaya kuke riƙe da ita da Salisu Yusuf. Gobe da yamma, in aka taru a fili aka ce ka zaɓi mutum goma sha ɗaya, ga abokinka yana kallonka, ga kuma yaron da ya fi shi iya taka leda a tsaye a gefe, wa za ka kira?