Musanyar ƙarafa a cikin ruwa

Musanyar ƙarafa wani nau'in haɗuwar sinadarai ne inda ƙarfe mai kuzari yake ture wanda bai kai shi kuzari ba daga gishirinsa da ke narke cikin ruwa, ya maye gurbinsa. Mai kuzarin yana ba da ilektron ɗinsa ya narke, ɗayan kuma ya karɓa ya fito a matsayin ƙarfe zalla.

Misali

Idan aka jefa ƙusa cikin shuɗin ruwan kofa salfet, bayan ɗan lokaci jan ƙarfe zai lulluɓe ta, ruwan kuma ya koma kore-kore:

Fe + CuSO₄ → FeSO₄ + Cu

Amma jan ƙarfe ba ya iya ture baƙin ƙarfe.

Jerin kuzari

Daga sama zuwa ƙasa: zink, baƙin ƙarfe, kuza, dalma, jan ƙarfe, zaiba, azurfa, zinari. Kowanne yana ture na ƙasa da shi. Zinari ne a ƙarshe, shi ya sa ake samunsa zalla a cikin dutse, alhali dalma kan zo haɗe da wasu sinadarai.

Wajen tace zinari

A shekarar 1887, MacArthur da 'yan'uwan Forrest biyu suka ƙirƙiro hanyar narkar da zinari cikin ruwan sayanaid a Glasgow, sannan a zuba zink ya ture shi ya fito. Har yau manyan kamfanoni na amfani da wannan dabara. Masu haƙa na gargajiya a Anka da Bukkuyum kuwa zaiba suke sa wa garin dutse ta kama zinarin, sai a ƙone ta. Wannan ba musanya ba ce, cakuɗuwa ce kawai, kuma tururin zaibar guba ne.

Gubar dalma a Zamfara

Dutsen zinarin yankin yana ɗauke da dalma mai yawa, kuma ana niƙa shi a cikin gidaje. Sinadaran dalmar da ke cikin ƙurar suna narkewa a ruwan ciki mai tsami, su shiga jini. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano annobar a ƙauyuka irin su Yargalma da Dareta, inda yara kimanin 400 suka rasu. Daga baya an kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, aka kuma yi wa yara magani.