Ƙafar Mai Ciwon Sukari da Zancen Taka Sammu

Duk wanda ya saba bi ta Gawon Nama a Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake a kan titin Garba Nadama, ba zai rasa ganin dattijon da ake saukowa da shi daga mota ba, ƙafa naɗe da tsumma, 'ya'ya na tallabe da shi, in kuwa ka jajanta sai a ce maka, "Ai Baba sammu ya taka." Wannan magana ta ishe ni, domin ta ci ƙafafun bayin Allah masu yawa.

Haƙiƙanin al'amari shi ne, sukari idan ya daɗe yana hauhawa a jini yakan kashe jijiyoyin da ke kai labarin zafi, ya kuma ƙuntata hanyoyin jini, har mutum ya wuni da ƙusa a tafin ƙafarsa bai sani ba, raunin kuma ya ƙi warkewa. Shan taba yana ƙara dagula lamarin. To, wane irin sammu ne wannan da yake tsallake mutanen gida duka, ya zaɓi mai ciwon sukari kaɗai? Amma saboda wannan zato sai a kira wanzami ya yi tsaga a fatar da ba ta da ƙarfin haɗewa, a barbaɗa gari, a gasa da ruwan zafin da majinyacin ba ya jin ƙunarsa, a yi ta zargin maƙwabci ko kishiya, alhali zato zunubi ne, har wata biyu ko uku su shuɗe, gyambo ya yi wari, ruɓa ta kai ƙashi. Sa'an nan a garzayo asibiti, likita ya ga babu makawa sai an yanke, jama'a kuma su koma gida suna cewa asibiti ba su san komai ba sai yanka, su manta da watannin da suka ɓatar.

Wajibi ne mai wannan lalura ya duba ƙafarsa kullum da rana, sama da ƙasa, da madubi ko da idon ɗansa. Bayan alwala ya tsane tsakanin yatsu da ƙyalle mai tsabta, domin danshi a nan ne yake fara cin fata. In kuwa akwai ɗauri a kan rauni, malaman fiƙihu sun halatta shafa a kansa, ba sai an jiƙa ba. Da hunturu ya shafa man kaɗanya a dunduniya saboda faso, ban da tsakanin yatsu, kada kuma ya miƙa ƙafa ga kaskon wuta. Da bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kada ya taka simintin harabar masallaci da Azahar ba takalmi. Ya zazzage takalminsa kafin ya sa, saboda tsakuwa ko kunama. Kada ya ba mai yankan farce na kan hanya ƙafarsa, kada kuma ya fere kaushi da reza. Bororo, ko kumburi, ko yatsan da ya fara baƙi, ko da babu ciwo ko kaɗan, a kai shi asibiti a ranar, ba sai an ga abin da gobe za ta yi ba.