Wa ya kai sirrin Viyana Baltimore?

Ga wata wasa ƙwaƙwalwa, mai karatu, zo ka taya ni warwarewa. A 1943, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, wani likita a birnin Baltimore na Amurka mai suna Leo Kanner ya wallafa rahoto kan yara 11, maza 8 mata 3. Yaran ba su damu da cuɗanya da mutane ba, wasunsu na maimaita duk maganar da suka ji, in kuwa aka sauya musu tsarin da suka saba sai hankalinsu ya tashi. A 1944 kuma, a Viyana ta ƙasar Ostiriya, wadda ke hannun Hitila a lokacin, likita Hans Asperger ya fitar da nasa rahoton kan yara maza 4 masu halaye makusantan waɗancan. Teku a tsakaninsu, ƙasashensu na yaƙar juna. Amma su biyun suka ɗauko suna guda suka laƙaba wa abin: otizim, lalurar da wasu ke kira galahanga. Ta yaya?

Amsar da aka daɗe ana koyar da ɗalibai ita ce dace aka yi. Tana da ɗan madogara. Likitan ƙwaƙwalwa Eugen Bleuler na ƙasar Suwizalan ya yaɗa kalmar tun 1911, Kanner kuma a Balin ya yi karatun likita kafin ya ƙaura Amurka a 1924, don haka da shi da Asperger littattafan Jamusanci iri ɗaya suka sha. Sai dai Bleuler kan manya masu taɓin hankali yake magana. Me ya sa mutum biyu za su cire kalmar daga can, su ɗora ta kan yara, kusan a shekara guda? Ruwa dai ba ya tsami banza.

To ko sabuwar cuta ce ta ɓulla a shekarun 1930, kowa ya gan ta a garinsu? Zato ne mai daɗin ji, amma wata mata ta rushe shi. A 1925, a Mosko, likita Grunya Sukhareva ta riga ta bayyana yara maza 6 masu irin waɗannan halaye, a 1926 kuma aka buga aikin nata da Jamusanci. Ashe yaran suna nan tun tuni. Idon da zai gane su ne ya yi ƙaranci.

Saura zargi na uku, wanda masu son tsegumi suka fi so: sata. Asperger ya yi wata lacca a 1938 inda ya yi amfani da kalmar, an kuma buga ta a wata mujallar likitoci ta Viyana. Kanner na jin Jamusanci, kuma bai ambaci Asperger a rahotonsa ba. Biri fa ya yi kama da mutum. Amma a dakata. Yaran Kanner nasa ne, a gabansa aka duba su, bayanansu na shekaru ne. Babban rahoton Asperger ma a bayan nasa ya fito. Takarda ba ta isa ta yi wannan aikin ba.

In ba takarda ba ce, to me ya ƙetare tekun?

Mu koma rahoton Kanner, kan yaro na farko. Sunansa Donald Triplett, daga garin Forest a jihar Misisipi, haifaffen 1933. Yana ɗan shekara guda yake rera waƙa daidai da karinta. Babu abin da ke faranta masa kamar juya tukunya ko murfi a ƙasa yana kallo. In yana nufin kansa sai ya ce "kai". Mahaifinsa lauya ne, ya aika wa Kanner wasiƙa mai shafi 33, aka kawo yaron Baltimore a watan Oktoban 1938. Aka ajiye shi mako biyu a wani gidan nazarin yara. Likitoci biyu suka sa masa ido. Kanner ya rubuta sunayensu. Ɗaya Eugenia Cameron. Ɗayan George Frankl.

Frankl. Riƙe wannan sunan.

George Frankl Bayahude ne, kuma gwani ne wajen gano lalurar yara a sashen da Asperger ya yi aiki a asibitin yara na Jami'ar Viyana. Ya riga Asperger zuwa wurin da shekaru. Sashen ba irin asibitin da ka sani ba ne: yaro zai zauna makonni, ya yi darasi, ya yi wasa, ya ci abinci, ma'aikata na lura da shi, sannan su zauna su tattauna abin da kowa ya gani da yadda za a koyar da shi. A wannan zaman akwai wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Anni Weiss, ita ma Bayahudiya. Da ƙiyayyar Yahudawa ta tsananta, Weiss ta tafi Amurka a 1934, Frankl ya bi ta a 1937, suka yi aure. Wa ya taimaka masa ya shiga ƙasar, ya kuma jawo shi Baltimore? Kanner, wanda ya ceto likitoci da dama daga hannun 'yan Nazi.

Ka ga inda zaren ya ƙulle. Mutumin da ya yi shekaru yana zama teburi guda da Asperger shi ne ya yi mako biyu yana kallon Donald na juya murfi. Ba sai an saci komai ba. Ilimin Viyana da ƙafarsa ya zo, yana gudun ceton rai.

Akwai ma sawu na biyu, kuma shi ya fi burge ni. Frankl ya raba magana gida biyu: ta kalmomi, da ta fuska da murya da motsin jiki, wadda da ita zuciya ke isa ga zuciya. A ganinsa ta biyun ce ke yi wa yaran nan wuya, ko da bakinsu na zuba. Wannan sadarwar zuci ita ce a kan taken rahoton Kanner. Ita ce kuma a kan taken maƙalar da Frankl ya wallafa a mujalla guda, a shekara guda, 1943.

Wannan bai rage wa Kanner ƙwazonsa na tattara yaran 11 ya nuna cewa abu ɗaya ke damunsu ba. Amma ni dai ina ganin an yi wa Frankl da Weiss rowar yabo. An sa wa lalurar sunan Kanner, daga baya likita Lorna Wing ta farfaɗo da sunan Asperger a 1981, mutumin da masanin tarihi Herwig Czech ya nuna a 2018 cewa ya tura yara asibitin Spiegelgrund inda 'yan Nazi ke kashe naƙasassu. Sunan Frankl kuwa yana nan a rahoton da masana suka ambata sau dubbai, ana tsallake shi, har sai da ɗan jarida Steve Silberman ya bi sawunsa a littafinsa NeuroTribes a 2015.