Zazzaɓi a Tsakiyar Rani

Kowa ya san lokacin zazzaɓin cizon sauro. Ruwa ya sauka, kududdufai su cika, bayan 'yan makonni a rasa gado a asibiti. Rani na shigowa, a samu sa'ida. Shi ya sa abin da ya faru a Dire Dawa, wani babban birni a gabashin Habasha, ya ɗaure wa ma'aikatan lafiya kai. A duk shekarar 2019, mutum 205 kacal aka samu da cutar a birnin. Amma daga Janairu zuwa Mayun 2022, ana cikin rani, sai ga masu zazzaɓi fiye da 2,400, da yawansu ɗaliban jami'ar garin.

Matafiya aka fara zargi, kuma da hujja. Dire Dawa garin fatauci ne, layin dogon da ya haɗa Addis Ababa da tashar ruwan Jibuti ta nan ya ratsa. Mai yiwuwa ne mutane ke kwaso cutar a wani wuri, su zo gida su kwanta. Masu bincike daga cibiyar Armauer Hansen ta Addis Ababa, cikinsu har da Fitsum Tadesse, suka bi abin a hankali. Duk wanda gwaji ya nuna yana da cutar, sai a bi shi gida ko ɗakin kwanan ɗalibai, a gwada jinin waɗanda yake kwana da su. Haka aka yi wa masu zazzaɓin da ba na sauro ba, don a kwatanta. Sai aka ga cutar ta taru ne a kewayen masu ita. Ke nan a cikin gari ake cizon.

To, a wane ruwa sauron ke haihuwa? Wanda Afirka ta saba da shi, Anopheles gambiae da danginsa, ruwan sama yake nema, irin wanda ke kwantawa a sawun kofato ko ramin da aka haƙi ƙasar gini. Masu binciken suka ɗauki ludayi mai dogon hannu suka shiga gida-gida. A ɗaga murfin tankin siminti, a leƙa duron roba, a kamfato ruwan a duba. Tsutsar sauron maleriya tana da alamarta: kwance take a saman ruwa kamar tsinke, ba ta rataye kai ƙasa irin ta sauron kwata. Ga su nan kuwa, a cikin ruwan da mutane suka tanada don girki da wanki saboda famfo ba ya kawowa kullum. Wannan ne ya fi taɓa ni a duk labarin: tanadin da talaka ya yi don ya tsira daga ƙishin rani, shi ya zame wa cutar sheƙa.

Saura a san ko wane ne. Aka kama manyan sauro, musamman a rumfunan dabbobi inda suke fakewa, aka duba su ɗaya bayan ɗaya. Kusan 97 cikin 100 jinsi ɗaya ne, mai ɗigo-ɗigo a ƙafafu: Anopheles stephensi. An kuma sami ƙwayar cutar a jikin wasunsu.

Wannan sauro baƙo ne. Asalinsa Indiya, Pakistan, Iran da yankin Larabawa, inda ya daɗe da zama ɗan birni. A Jibuti aka fara ganinsa a Afirka, a 2012, shekarar da ƙasar ta ƙirga mutum 27 kawai masu maleriya, tana shirin sallamar cutar gaba ɗaya. Zuwa 2020 adadin ya haura 73,000, a ƙasar da mutanenta ba su wuce kimanin miliyan ɗaya ba. A 2016 ya ɓulla a Habasha da Sudan. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansa. Ga shi yawancin magungunan feshi ba sa kashe shi yadda ya kamata, kuma yakan ciji mutum a waje, tun kafin a shiga gidan sauro.

Ina bin wannan labari da faɗuwar gaba ne saboda a 2020 an same shi a jihar Gombe, a 2022 kuma a Ghana. Duk wanda ya zauna a biranenmu ya san yadda muke da ruwa: tanki a saman ɗaki, duro a tsakar gida, randa a gindin bishiya. Akwai kuma kwamin siminti da magina ke cikawa a bakin kowane sabon gini, wanda kan yi wata da watanni a buɗe kafin a kai ga rufi.