Digiri Huɗu a Cikin Injin Tsere

Masu haɗa injin tsere a Amurka, musamman masu aiki da V8 ɗin Chevrolet da aka fara ƙerawa a 1955, ba sa sakin jiki da ɗigo biyun da kamfani ya buga a kan giyoyin taimin. Ga motar hawa, a daidaita ɗigo da ɗigo ya wadatar. Amma a injin da aka kashe wa dukiya, sai an auna, domin hatta sabuwar sarƙa da giya kan zo da kuskuren digiri ɗaya ko biyu.

Kamshaf ne ke buɗe bawul yana rufewa, kuma yana juyi ɗaya ne yayin da karanshaf ya yi biyu. Idan aka matsa kamshaf gaba, bawul ɗin shan iska zai rufe da wuri. A lokacin da inji ke juyawa a hankali, wannan riba ce, don fistin ba zai koro iskar da ta riga ta shiga ba. Matsi ya ƙaru, mota ta fizga tun daga tashi. In aka ja shi baya kuwa, bawul ya daɗe a buɗe, sai ƙarfin ya koma can inda aka take totur, lokacin da iska ke kwararowa da gudunta. Ƙarfin ba ƙaruwa ya yi ba, wuri ya sauya, kuma nan ne masu ɗoki ke ruɗuwa.

Yawancin kamfanoni, irin su Comp Cams, sun riga sun gina digiri 4 na gaba a jikin ƙarfen. Takardar kamshaf za ta ce tazarar ƙusoshinsa 110, tsakiyar buɗewar bawul ɗin iska 106. Wanda bai karanta ba, ya ƙara wasu 4 a kan giya mai tsaga uku, ya kai 8, ya jawo wa injinsa ƙwanƙwasa.

Awon kansa aikin natsuwa ne. A ɗaura faifai mai digiri 360 a hancin karanshaf, a sa ƙarfen tare fistin, a juya dama har ya tsaya, a juya hagu har ya tsaya. Tsakiyar lambobin biyu ita ce ainihin ƙololuwar fistin. Sannan a ɗora agogon awo, ana juyawa a hankali ana kallon allura, don gano tsakiyar buɗewar bawul ɗin iska.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tsallake awon tazarar da ke tsakanin bawul da fistin. Matsawa gaba na kusantar da bawul ɗin iska ga fistin. Shi ya sa ake manna ɗan yumɓu a kan fistin, a ɗaura kan silinda, a juya sau biyu, a buɗe a yanka yumɓun a auna kaurinsa. Ana son aƙalla milimita 2 a ɓangaren iska, 2.5 a ɓangaren hayaƙi. Ƙasa da haka, in inji ya ɗau zafi ya kai juyi 7,000 a minti, fistin na iya cim ma bawul ya lanƙwasa shi.